Fitilar Hagu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana su. Mu nan muna nan dai. Gwaggo ta koma gidanta makon jiya, ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya ajiye sanda. Tumatir ya yi kyau bana, albasa ce ba ta yi kai ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Kin tambaye ni jikin Inna a waya, na ce da sauƙi. Ba ƙarya na yi miki ba, maganar ce ta fi ƙarfin waya. Kin tuna ƙaramar taraktar Baba ta lambu, wadda yake kira Tsohuwa, da fitilarta ta hagu da ba ta zama wuri ɗaya? Ramin notinta ya cinye tun muna yara, kuma bai taɓa kai ta gyara ba. Sai ya yanko robar tayar keke ya naɗe ta, ya cusa guntun silifa a bayanta. Kwana biyu ta sake sakwarkwacewa, ta dama tana kallon hanya, ita kuwa tana rawa tana leƙen ƙasa. In an yi masa magana ya ce a ƙyale ta, allurarta ce ta faɗi take nema.

Wata uku ke nan da rasuwarsa, ni nake hawa Tsohuwa. Ban ruwa ba ya ƙarewa da wuri, sai rana ta faɗi nake kamo hanyar gida, kamar yadda yake yi. Da farko ban lura da komai ba. Ni kaina tafiya kawai nake, in ci abinci ban san me na ci ba, in kwanta, in tashi. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ta ankarar da ni. Ta ce kullum Inna tana zaune a bakin ƙofa, da ta hango fitilar nan tana rawa daga kwanar hanya sai ta miƙe ta ce ga shi nan, ta shiga ta ɗebo ruwa a kofin Baba. Na sa ido, na ga haka ne. In na kashe inji na sauko, sai ta dube ni, ta dubi kujerar tarakta, ta ajiye kofin a ƙasa ta shige ɗaki. Ko kuka ba ta yi. Na ga kamar kowace yamma sai an sake yi mata rasuwar.

Shi ne na kai wa Dogo bakanike Tsohuwa ya gyara fitilar. Ya yi ta warware roba kan roba har hawa bakwai, yana dariya yana cewa wannan ba fitila ba ce, majinyaciya ce da bandeji. Ya huda sabon rami, ya sa dogon noti da wosha biyu, 'yan zobban ƙarfen nan da ke riƙe noti, ya ɗaure tam da sifana. Ya ce ko gargada ta karya mini baya, ita ba za ta motsa ba. Guntun silifar na jefa a aljihu, ban san dalili ba.

Yaya, aiki ya yi kyau. Ranar na dawo fitilu biyu suna kallon gaba sak, Inna ba ta tashi ba. Washegari ma haka. Rana ta uku ko bakin ƙofar ba ta fito ba. Ashe don wannan tashin take wanka da la'asar, ta sake zane, ta share ƙofar gida, ta ɗan sa wani abu a baki. Da na ɗaure fitilar, duk tare na ɗaure su. Kwana tara tana kwance tana kallon bango. Likita ya zo ya auna ta, ya ce bai ga ciwo ba.

Shekaranjiya kafin in bar lambu na ɗauki sifana na sassauta notin hagu zagaye uku, na mayar da guntun silifar, na naɗa roba don kada ta faɗo. Da na karyo kwana hasken ya shiga ta tagarta, yana rawa a bangon da take kallo. Kafin in kashe inji ta fito da kofi. Ta dube ni, ta dubi kujerar. Wannan karon ban bari ta ajiye ba, na miƙa hannu na karɓa na sha. Ta tsaya har na shanye. Sannan ta ce kada in ƙara kai fitilar nan wurin Dogo, a bar ta ta ci gaba da nemanta.

Ban sani ba ko daidai na yi. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Jiya dai ta ci abinci. In kin kira ta kada ki tayar da maganar.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan 'yan biyu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ki. Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenki,
mai hawa Tsohuwa.