Wanda Ke Tsayawa a Kwari

Ranar Lahadi, kafin ruwan farko

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta fara ɗaukarta, ko har yanzu sai an riƙe ta? Ki gaishe ta da kyau. Mu nan lafiya lau, ƙaramin ne dai kullum sai ya tambaya yaushe za ki dawo. Tunda waya ba ta shiga wajenku, zan riƙa ba mai babur ɗin da ke kai muku magani takarda.

Na sayi injin ja ɗin da muka yi ta magana a kai. Shi ne wanda ake ɗaurawa a gaban mota, mai wayar ƙarfe da ƙugiya: in mota ta kafe a laka, sai a maƙala ƙugiyar a bishiya, injin ya naɗe wayar, motar ta fito. Kin san kwarin nan mai baƙar laka da ke tsakanin makiyaya da masana'antar madara. Manajan masana'antar ya tara mu direbobin da ke kai madara ya ce bana zai duba, wanda ba a mayar masa da madara ba, shi zai ba doguwar hanya dindindin. Kin san doguwar hanyar ita ke ciyar da gidan nan, kuma ni ke riƙe da ita, amma riƙon aro.

Iri biyu ne a shagon. Akwai kore, mai araha, yana ta sheƙi, amma wayarsa siririya ce kuma mai shagon da kansa ya ce in an matsa masa yana zafi. Akwai baƙi, mai nauyi, ruwa ba ya shigarsa, da takardar kamfani. Na yi ta zarya har mai shagon ya fara ajiye mini kujera. Na raba shafi biyu a littafina, na rubuta amfanin kowanne da aibinsa, na goge, na sake. A ƙarshe na ɗauki baƙin.

Na san abin da kika ce: in sayi mai arahar, sauran a gyara rufin ɗakin yara. Ban manta ba. Na matsar da gadonsu daga wajen da ke yoyo, na sa bokiti. Ki yi haƙuri da ni damina ɗaya.

Ƙaninki Auta, da yake shi ma yana cikin direbobin, koren ya saya, bai ko zauna ba. Da ya ga nawa sai ya yi ta dariya, wai Yaya ya auro wa motarsa 'yar masu kuɗi, Allah ya sa ta iya aiki. Na ce masa laka ce za ta raba gardama. Amma da na dawo gida na daɗe ina kallon rufin nan, ina tambayar kaina ko na yi daidai.

Ki kula da kanki.

Naki,
Baban yara

Ranar Alhamis, ruwa ya zauna

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na ji daɗi da mai babur ya ce ta fara takawa zuwa bakin ƙofa. Yara lafiya, babbar ta iya dafa mana abin da za mu ci, gishirin ne dai sai addu'a.

Injin ya yi aiki, ba zan ɓoye miki daɗin da na ji ba. Ranar farko motar ta nutse har gindin ƙofa, na maƙala ƙugiya a bishiyar da ke tsallake, na danna, ta fito kamar ana zare ƙaya. Direbobi suka tsaya suna kallo. Auta ya gwada korensa, ya yi ƙara ya yi wari, sai ya kashe ya ɗaga mini hannu. Na juya motata na jawo shi. Na jawo na bayansa. Na jawo na bayan na bayansa. Ranar nan na dawo gida ina jin kaina kamar wani babba.

To, ga abin da ban rubuta a shafin aibi ba, don bai zo mini a rai ba.

A da, in mun isa kwarin, kowa sauka yake yi. Da shebur da katako da kafaɗa muke fitar da motocin ɗaya bayan ɗaya, ba mai tafiya sai ta ƙarshe ta haye. Tare muke makara, don haka dole masana'anta ta jira mu, har ƙanƙara suke tanada. Yanzu ba mai sauka. Kowa yana zaune a mota, takalminsa fes, yana jiran Agaji. Sunan da suka sa mini ke nan, Agaji, har mai shayin bakin masana'anta ya ɗauka. Duk wanda na jawo, sai ya danna hon ya wuce, wai hanya matsattsiya ce, ba wurin tsayawa. Ni kuwa sai na warware ƙugiya, na wanke waya, na naɗe ta a hankali don kada ta harɗe, na jira batir ya farfaɗo, sannan in juya mota. Kafin in gama, wata ta iso ta kafe.

Saboda haka kowa yana isa da wuri sai ni. Kuma tunda kowa yana isa da wuri, masana'anta ta daina jira, ta daina tanadar ƙanƙara.

Shekaranjiya mai gwaji ya buɗe garwata ta farko, ya shinshina, bai ko sa ma'auni ba. Ya ce ta fara juyawa. Rabin kayan aka karɓa. Auta yana zaune a benci da kofin shayi, ya ce kai, Yaya, ina ka tsaya haka? A gaban mutane ya faɗa, kuma wallahi na kasa gane ko wasa yake yi.

Na yi niyyar in ce musu daga yau kowa ya ji da kansa. Na shirya maganar tun daga gida, har na rubuta ta. Da na isa na ga mutum cikin laka yana kallona, sai na sauka na maƙala ƙugiya.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki

Ranar Asabar

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi saƙonki. Na gode da ba ki ce ai na gaya maka ba, ko da yake na ji shi a tsakanin layukan. Ki yi wa Inna sannu.

An sake mayar mini da madara, ba sau ɗaya ba. Manaja ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, ya ma ba ni kujera. Ya ce ya san abin da nake yi a kwarin, Allah ya saka, amma shi madara yake saye, ba kirki ba. Na ce to a tsara mana, a riƙa yin karɓa-karɓa wajen ja, ko a ɗaga mini ƙafa kan lokaci. Ya ce injina ne, shi bai aike ni in saya ba.

Na yi wa direbobi maganar a wajen shayi. Kowa ya gyaɗa kai, kowa ya ce gaskiya ne. Washegari kowa ya zauna a motarsa.

Ran nan kuma ruwa ya yi ƙarfi, bokitin ya cika ya zuba, littattafan babbar suka jiƙe. Ta kwashe su ta shanya a kan igiya. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Sai ga Auta ya zo gida da yamma, ya zauna a kan dakali, ya ce yana da shawara. Mu yi musanya: ya karɓi baƙin, ya ba ni koren, ya ƙara mini da kwanon rufi. Ya ce ai matsalata ita ce kowa ya san injina yana aiki. In na ɗaura koren ba wanda zai ƙara kallona, in lallaɓa shi in fitar da kaina kawai in wuce. Shi kuma ya ɗauki wahalar, tunda yaro ne, ƙashinsa da sauran ƙwari.

Na sake raba shafi biyu. Na duba ta kowace fuska ban ga inda zan faɗi ba, kuma wannan ne ya tsorata ni, don wancan karon ma haka na gani. Amma na yarda. Bakanike ya sauya su jiya. Auta ya cika alkawari, ba zan ci haƙƙinsa ba, kwanon yana jingine a bango, kafinta zai zo gobe.

Da ake kwance baƙin daga motata sai na koma gefe, na yi kamar ina duba taya.

Naki har kullum,
Baban yara

Ranar Laraba

Uwar 'ya'yana,

Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gidan. Alhamdu lillahi da jin cewa ta warware har ta ce ki koma ɗakinki. Yara sun yi ta tsalle.

Gara ki ji daga gare ni. An ba Auta doguwar hanya.

Ranar farko bayan musanyar, na iso kwarin ina bayansa. Ya kafe, ya maƙala ƙugiya, baƙin ya fitar da shi yadda ya saba fitar da ni. Motoci suna jere a baya suna jira ya juyo. Ya naɗe wayarsa da lakarta da komai, ya leƙo ta taga ya ce madara ba ta jira, ya wuce. Suka zage shi, suka yi ta hon. Da muka haɗu a wajen shayi, su ɗin dai suka matsa masa a benci, ana ta raha, wai Auta ba dama. Ba wanda ya daina gaishe shi. Na zauna ina kallo. Ashe ana iya wucewa, sama ba ta faɗo ba.

Na ce to ni ma haka zan yi. Kwana biyu na yi hakan, na lallaɓa koren na haye, na kau da kai, madarata ta shiga lafiya. Abinci ne dai bai shiga ba.

A rana ta uku na tarar da Baba Tsoho, dattijon nan mai tari da motarsa ta girmi 'yarmu. Shi kaɗai ne, ya shiga laka har gwiwa yana tura katako ƙarƙashin taya. Bai kira ni ba, bai ko ɗago ba. Na riga na haye, hanya a buɗe take a gabana. Ban san lokacin da na juya mota ba.

Koren ya ja shi kamar taku biyu, ya fara kuka, hayaƙi ya tashi, ya mutu. Ya tafi da batir ɗina. Muka zauna ni da Baba Tsoho a gindin bishiya har rana ta take, muna jin warin madararmu yana tasowa. Ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuma ina jin haushinsa, ina jin kunyar haushin.

Manaja bai kore ni ba. Ya ba ni aikin mayar wa makiyaya garewani bayan an wanke. Ya ce garwar da ba komai a ciki ba ta tsami, in tsaya a kwarin har yamma in na ga dama. Aka yi dariya, ni ma na yi. Abin da aikin ke kawowa bai kai rabin na da ba, sai mun sake zama mun duba maganar makarantar yara.

Na buɗe shafukan nan na sake karantawa. Nauyin inji na auna, da kaurin waya, da ruwa, da zafi. Duk daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Mai riƙe da injin ne ban auna ba. Har yanzu ban san ko abin da ke juya mini sitiyari kirki ne ko tsoron idon mutane ba, kuma na gaji da tambayar.

Rufin ya daina yoyo. Jiya an yi ruwa sosai, ko ɗigo bai sauka ba. Na tsaya a ɗakin yara ina sauraron ƙararsa a kan sabon kwano, na rasa wanda zan gode wa.

Kada ki yi wa Auta faɗa, musamman a gaban Inna. Bai saci komai ba, da hannuna na miƙa masa. Shi zai zo ya ɗauko ki ranar Litinin bayan ya yi lodi, don motarsa ce kaɗai na tabbata za ta haye da ke. Ki rubuta yadda Inna ke shan maganinta ki bar wa masu kula da ita, ki zo da bargon da kika tafi da shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar ni ma zan bi ta kwarin da garewani, kuma ba ni da inji. In kun same ni a ciki, kada ki ce masa ya tsaya. Ki bar shi ya yi abin da zai yi. Ba na son in san ko zai ji maganarki.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki,
wanda suke kira Agaji