Kalmar "Nan Take" Ta Hana Ni Sakat

Inna Murja,

Don Allah ki taimake ni. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina yawo da wata wasiƙa a aljihun farar rigata ta aiki, na kasa amsa ta, na kuma kasa nuna wa matata.

Ni mutumin Filato ne. Shekarata bakwai a Landan, ina aikin gwajin jini a wani asibiti kusa da Whitechapel. Aiki ne na dindindin, har da fansho. Muna zaune a gidan haya na hukuma a unguwar Edmonton da matata Dokas, ita ungozoma ce. To kin san tun da aka ƙirƙiro sababbin jihohi bana, kuɗin man fetur ya sa ana ta gina asibitoci a gida, ma'aikata ne babu. Wani abokin karatuna ya ba da sunana, sai ga wasiƙa wai in zo in shugabanci ɗakin gwaje-gwaje na wani sabon asibiti, ga gida ga mota. Ni da a nan har in tsufa ba zan wuce mataimaki ba. Suna son amsa kafin ƙarshen wata.

Inna, abin da ya tsinka min zuciya yana ƙasan wasiƙar, inda aka ce in kama aiki "nan take".

Bara yayana Matiyu yana karin kumallo, rediyo a kunne, ya ji sunansa cikin waɗanda aka sallama daga aikin gwamnati nan take. Shekara goma sha tara yana aiki. Ba a kira shi ba, ba a tambaye shi komai ba. Kafin mako ya zagayo an karɓe makullin gida, yanzu yana ƙauye da 'ya'ya shida a gidan da aka haife mu. Mutumin da ya riƙa kai ni makaranta a kan kekensa, yau ko wasiƙata ba ya amsawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai shafa wa naka ruwa.

Ga kuma abin da nake jin kunyar rubutawa. 'Yarmu ɗaya, Juliana, shekararta huɗu. Tun tana wata shida muka kai ta riƙo wurin wata Baturiya a wani ƙauye a Kent, kamar yadda mutanenmu da yawa suke yi, don lokacin Dokas tana karatu, ni kuma ina aiki. Cewa muka yi shekara biyu ne. Sau ɗaya a wata muke zuwa. Lahadin da ta wuce tana hango mu ta ɓuya a bayan matar. Dokas ta kai mata tuwo, yarinyar ta taɓa da yatsa ta goge a riga. Ko "sannu" ba ta sani ba. Dokas tana da wani akwatin ƙarfe da take tara kayan komawa gida, tukwane, zannuwan gado, har da takalman makaranta da ta saya wa Juliana manya don ta girma ta same su. Ina jin yanzu sun yi mata daidai.

Na san ranar da Dokas ta ga wasiƙar nan za ta fara ɗaure kaya, shi ya sa na ɓoye. In na je aka kore ni, ina zan kai su? In na zauna, ina tsoron 'yata ta girma tana gaishe ni kamar baƙo. Abinci ma ba ya shiga. Jiya saura kaɗan in musanya kwalaben jinin mutum biyu, abin da ban taɓa yi ba. Inna, tsoro nake ji ƙwarai.

Matsoraci, Edmonton

*

Ɗana,

Ba zan kira ka da sunan da ka ba kanka ba. Tsoronka yana da tushe, domin bakin da ya ce zo nan take yana iya cewa tafi nan take, kuma ni ba zan rantse maka a kan abin da gwamnati za ta yi gobe ba. Aikin dindindin ba abin wasa ba ne.

Sai dai kai sana'arka a hannunka take. Ko an janye maka kujera, asibitocin mishan da na jami'o'i suna neman irinka ruwa a jallo. Zaman da kake kira kwanciyar hankali kuwa, ka ga abin da ya fara ci maka a Kent.

Ka rubuta musu ka ce kana so, amma su ba ka wata uku, su aiko da takardar da ta fayyace ko aikin na dindindin ne ko kwantiragi. Mai bukatarka da gaske zai jira. Ka nemi hutu a wurin aikinka, ko da ba albashi, ka je ka ga asibitin da idonka, don wani ginin yanzu a takarda kawai yake. Kada ka ajiye aiki kafin nan. Kuma in hankalinka ba ya kan aiki, ka ɗauki kwana biyu ka huta, jinin mutane amana ne.

Juliana kuwa, ko za ku tafi ko za ku zauna, ku fara ɗauko ta kowace Asabar ta kwana wurinku. Kada ku fizge ta rana ɗaya, matar nan ita ta sani a matsayin uwa.

Yanzu bari in ja maka kunne. Dokas ma aiki za ta bari, 'yar kuma tata ce. Kwana goma sha ɗaya kana yanke mata hukunci, ba ka kira ta ba, ba ka tambaye ta komai ba. Ba haka aka yi wa yayanka ba?

Abu ɗaya ne za ka yi nan take: yau in ka koma gida, ciro wasiƙar daga aljihu ka ajiye ta a gaban matarka. Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya sanyaya wa Matiyu zuciya, ya sa ku da hannunku za ku sa wa Juliana takalman nan kafin su matse ta.

Inna Murja