Rodi Uku a Kan Ƙofar Asibiti

Litinin, 3 ga Maris
Oga ya damƙa min ginin asibitin yara, ni kaɗai. Ni na zana, ni zan duba, ni zan sa hannu. Shekara shida ina riƙe wa wasu fayil. Sai da na shiga banɗaki na yi murmushi son raina.

Alhamis, 6 ga Maris
Ɗan kwangilar, wanda leburori ke kira Yanzu-yanzu, "'yata" yake ce min. Wai in nuna wa kafintocinsa yadda za su tokare katakon bene. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikinka ne. Ni abin da ke cikin zane nake dubawa." In na buɗe baki yau, ranar da katako ya zame, sunana za a fara kira.

Talata, 11 ga Maris
Rodi mai kauri lamba sha biyu Yanzu-yanzu ya sa a inda na rubuta sha shida. Na auna sau biyu, na ɗau hoto, na rubuta masa takarda nan take a kan mota. Ya ce motar kankare tana hanya. Na ce ta juya. "Ke ko tausayi babu?" Yara marasa lafiya za a kwantar a ƙarƙashin benen nan, can tausayina yake.

Laraba, 12 ga Maris
Ya kai ƙarata. Oga ya ce masa, "Abin da Injiniya ta faɗa shi ne." An kwance, an sake.

Alhamis, 20 ga Maris
Baba mai ɗaurin rodi, tsohon da bai taɓa yi min magana ba, ya kira ni bayan tarin yashi. Ya ɗora yatsa mai tsatsa a shafi na bakwai na zanen, kan bim ɗin, wato gadar kankaren da za ta tsallake ƙofar shiga. "Injiniya, faɗin nan ya fi ƙarfin rodi uku." Na ce masa ba da ido ake lissafi ba. Ya naɗe takardar.

Na koma ofis na sake lissafin. Biyar ya kamata. Lambar wani bim na kwafo. Ni.

Juma'a, 21 ga Maris
Da na so, in raɗa wa Baba ya ƙara biyu, kankare ya rufe, shi ke nan. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye wa littafin nan ba. Amma da zanen ya zauna da ƙarya a cikin fayil, da sa hannuna a ƙasa.

Na rubuta takardar gyara. Dalili: kuskuren zane. Kwafi ga Oga, ga mai ginin, ga kamfanin inshora, har ga Yanzu-yanzu. Oga ya karanta a tsaye. "Wa ya gano?" Na ce Baba. Wallahi faɗin haka ya fi rubutun wuya.

Yanzu-yanzu har da tafa hannu. "Ashe 'yar tawa ma mutum ce!" Ya yi ta yi. Tawa takardar dai ni na rubuta ta, ba kama ni aka yi ba.

Asabar, 5 ga Afrilu
An zuba bene, ko tsaga babu. Na zagaya sau biyu kafin in sa hannu.

Da rana na tsinci kaina zaune kan bulo kusa da Baba, zanen rufi a buɗe tsakaninmu. Ba shawara nake nema ba. Zafi ake yi, shi kuma a inuwa yake zaune.

Mun kai shafi na tara.