Garmar Sule Tana Cikin Rumbu

Kiru, daren Talata, tsakiyar damina, 1956

Alhamdu lillahi, yau zazzaɓin Sule ya sauka. Da la'asar ya yi gumi sharkaf, ya tashi zaune da kansa, ya ce a dama masa kunun tsamiya. Ni ma sai a lokacin na ji yunwa.

Abin da ke ɗaure mini kai, duk gidan nan babu mai ƙarfin ƙanen nan nawa. Da yana nomansa daidai misali, ko mura ba ta kama shi. Amma tun da makaɗan gayya suka gano shi, suna zuga shi da gangar noma, kullum sai ya ƙara a kan aikin jiya. Yau ya yi huɗa a nan, gobe yana garin Kafin Maiyaki, babu hutu. Da ya fara tari ya ce ƙura ce. Wace ƙura a damina? Ga Tanko maƙwabcinmu, wanda da ya ɗan taɓa aiki sai ya nemi inuwa, ruwan sama ɗaya ya dake su, shi ko atishawa bai yi ba.

Bayan magariba muka jiyo ganga daga yamma. Na ga yatsun ƙafar Sule suna motsi a kan tabarma.

Ya ce, "Yaya, ina garmata?"

Inna ta riga ni amsawa. "Tana cikin rumbu, ƙarƙashin dawa. Ranar da muka cinye dawar sai ka ɗauka."

Ya yi dariya, ya koma ya kwanta. Yau kam zan yi barci.