Takardar Mai a Ofishin Filaye

Kousséri, 4 ga Maris

Yaya Hisham,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Ƙaltume da yara. Yaya zafin Garoua?

Yaya, na yi abin da ban gaya wa kowa ba. Ma'aikatan safiyo, masu awon fili, sun kafa turaku a gonarmu ta bakin Logone, wai wani ɗan kasuwa ya nemi filin. An ba mu kwana talatin mu kawo shaida. Sai na buɗe akwatin Baba na ɗauko mahram ɗin nan, takardar da wani Mai na Borno, wato sarkinsu na zamanin da, ya ba kakanninmu a kan gonar, na kai ofishin filaye. Baba yana kwance, bai sani ba.

Malam Théodore, mai koyar da tarihi a makarantar yara, shi ya ƙarfafa mini gwiwa. Ya ce abin da ya riƙe daular Borno ɗaruruwan shekaru shi ne duk Mai da ya hau yana girmama hatimin na gabansa, magatakardansa ya sabunta takardar talaka. Ranar da aka daina, ƙasa ta fara tsagewa. Daɗin baki gare shi, amma ba gonar ubansa ba ce.

Sun karɓi ainihin takardar, ko rasit ba su ba ni ba. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Nafisatu

Kousséri, 29 ga Maris

Yaya Hisham,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Jikin Baba da sauƙi, kuma wannan ne abin da ke firgita ni: jiya ya nemi mabuɗin akwatinsa.

Sau tara ina zuwa ofishin. Yau mai hatimi ya tafi ta'aziyya, gobe an canja wa mai fayil wurin aiki. Takalmina ya san hanyar fiye da ni.

Ɗazu suka dawo mini da takardar, an huda ta wuri biyu don ta shiga fayil, hudar ta cinye sunan kakanmu. Babban jami'in bai ce ta ƙarya ce ba. Cikin ladabi ya bayyana mini cewa za su karɓa, muddin hukumar da ta bayar da ita ta buga hatimin tabbatarwa.

Saura kwana biyar, Yaya. Ka taho don Allah. Ni ban san inda zan samo Mai na Borno ba, kuma ban san da wane ido zan dubi Baba ba.

Taka,
Nafisatu