Yau Na Kira Sunan 'Yar Farina

Daren Laraba, Batsari.

Tun la'asar muka dawo daga asibiti a Katsina, ni da 'yata. Likita ta ce ba ciki ba ne, ba kuma iskoki ba ne. Ƙari ne a ƙwan mahaifar 'yata, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Shi ya tsayar mata da al'ada, muryarta ta yi kauri, gashi ya fito mata a haɓa. Ranar Litinin za a yi mata aiki.

Da likita ta tambaye ni yaushe abin ya fara, na ce ban sani ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗi, balle in tambaye ta lafiyar jikinta. Wata bakwai tana jan hijabi har baki, ni kuwa ina ta yabon kunyarta.

Ɗazu na ji shessheƙarta a ɗaki. Na tsaya bakin ƙofa, na kira sunan da shekara goma sha huɗu ban taɓa furtawa ba.

"Hindatu."

Ta ɗago a firgice ta ce, "Inna, mutuwa zan yi ne?"