Rodin da Ke Jiran Koray

Erzinjan, ƙarshen sanyi

Zuwa ga ɗana Koray,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Sevil. Wasiƙa na rubuto don waya ba ta yi mini amfani. Shekarun da na yi kusa da injin kwaɓa siminti sun cinye mini kunne, kai kuma magana kake yi kamar mai tsoron tashin jariri.

Bana zan ɗora hawa na uku. Rodin nan da na bari tsaye a saman gida tun kana firamare, wanda mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, take ɗaura igiyar shanya a jikinsa, lokacinsa ya yi. Hawa na ukun Haidar mai gidan burodi ya rufu tuntuni, jikokinsa ne ke tsalle a kansa yanzu. Jiya a gidan shayi ya ce mini, "Nusret Usta, sarkin magina, rodin nan naka eriya ce ko tarkon shamuwa?" Na ce, "Ɗana injiniya ne, ba mai ƙona wa jama'a burodi ba. Yana zuwa." Aka yi ta dariya, amma ban iya shanye shayin ba.

Na yi magana da masu yashi da kafinta. Ɗaki uku da falo, taga tana kallon duwatsu. Ka tambayi Sevil wane gefe take so a sa mata wurin girki. Ga cuku nan na ba direban mota, kada ku bari ya kwana a zafi.

Mahaifinka,
Nusret

Istanbul

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Cuku ya iso, Sevil tana godiya.

Baba, don Allah ka dakatar da masu yashi. Ka san aikina: muna ɗora gini ko bututu a kan wani ƙaton faranti na ƙarfe, inji ya jijjiga shi kamar yadda ƙasa take yi, mu ga inda zai fara karyewa. Yanzu kayan tashar nukiliyar da ake shirin ginawa a bakin teku muke gwadawa. Zuwana na ƙarshe na auna ginshiƙan gidanmu, ka ɗauka wasa nake yi. Ka gina su da gaskiya, amma don hawa biyu. Ƙasan gidan shago ne, gabansa duk gilashi, ba bangon da zai riƙe. Ƙasar unguwar kuma tsohuwar hanyar ruwa ce. Rodin ma ruwa da ƙanƙara sun ci shi. Idan aka ƙara nauyi a sama, gidan ba zai jure girgiza mai ƙarfi ba.

Akwai magana ta biyu da na daɗe ina kewayewa. Aikina ba ya nan garinmu, Baba, kuma ba zai zo ba. Muna da ɗaki a nan, naka ne duk ranar da ka so.

Ɗanka mai biyayya,
Koray

Erzinjan

Koray,

Ina gaishe ka, tunda addini ya ce a gaisa.

Ranar babbar girgizar ƙasar nan kana ina? Kana ƙarƙashin tebur kana kiran uwarka. Gine-ginen da masu digiri suka sa wa hannu sun kwanta kamar tarin kwali, gidan Nusret ko tsagewa bai yi ba. Ni da na fara da ɗaukar buhu a kafaɗa, na bar makaranta ban gama sakandare ba, na ɗora kowane bulo da idona a kai, yau yaron da na saya wa fensir ne zai koya mini ginshiƙi?

Na karanta wa Haidar wasiƙarka, rabin farko kawai. Ya ce, "To, Usta, ka biya kuɗin makaranta an koya wa yaro yadda ake girgiza tebur. Ai jikana ma yana yi, kyauta." Na ce ya rufe mini baki, kansa kamar burodin da ya kwana.

Ɗakin da ka ce nawa ne, na gode. Ban tsufa ba har a ajiye ni kusa da injin wanki. Nan kabarin uwarka yake. Da la'asar nakan hau sama in zauna tsakanin rodin, in ji motsin 'yan haya a ƙasa suna cin abinci, cokula suna ƙara. Sashena kuwa ko kofi na ajiye da safe, a nan zan same shi da yamma. Ba ƙorafi nake yi ba, labari nake ba ka.

Bayan sallah za a zuba kankare. Ka zo ko kada ka zo.

Nusret

Istanbul

Baba,

Ina gaishe ka, ko da kana fushi.

Gidanka ya tsaya a waccan ranar don ba shi da nauyi, kuma don kai ka gina shi. Ban taɓa musun haka ba. Amma na roƙi abokan aikina muka haɗa ƙaramin samfurinsa, har da hawa na ukun, muka ɗora a kan farantin. Ba sama ne ya fara faɗuwa ba, Baba. Shagon ne ya durƙushe, daidai inda kake ajiye kujerarka, sai hawan da kai da 'yan haya kuke ciki ya zauna a kansa. Abokan aikin duk sun tafi cin abinci, ni na kasa tashi daga wurin.

Sevil tana da ciki. Haihuwa sai farkon bazara. Ina so yaron nan ya san kakansa, ya hau saman gidan nan ya ga duwatsu. Idan ka zuba kankaren, ba zan iya kwantar da shi a cikin gidan ba, ko na yini ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Koray

Erzinjan, bayan sallah

Ɗana,

Gaisuwa gare ka da Sevil. Ta daina ɗaukar kaya masu nauyi.

Na sallami masu yashi. Ba don maganarka ba ne, simintin bana ba shi da kyau. Rodin kuma ban yanke ba. Na lanƙwasa kawunansu na haɗa, na ja itacen inabin uwarka daga tsakar gida ya hau kai. Haidar ya leƙo ya ce, "Shekara da shekaru kana jira, ashe rumfa kake ginawa."

Tsohon ɗakinka yana nan, na sa an yi masa fenti. Tunda kai ne injiniya, ka lissafa mini: gidan zai ɗauki nauyin mutum biyu da jariri, lokacin da inabi ya nuna?

Mahaifinka,
Nusret